Bashin ɗan ci-rani a fim: martani daga Tchamba

Kwanakin baya wani marubuci ya yi dogon sharhi a kan finafinan da ake yi game da Turkawa 'yan ci-rani a Turai, musamman masu nuna gidan da bashi ya yi wa katutu: uba ya ranto kuɗi ya tura ɗa, ɗa ya kasa biya, masu bin bashi sun hana uwa barci. Daga nan ya juyo kan matasan Sokode da Tchamba da Dapaong masu sha'awar kyamara, ya ja musu kunne kada su kwaikwayi wannan salo. A ganinsa irin wannan fim tonon silili ne, ana yin sa don a burge alƙalan gasa a Turai. Maganar a sa kowace ƙabila da harshenta a cikin fim kuwa, ya ɗauke ta damuwar Turawa ce da aka yi mana dakonta. Mu nan Musulmi ne, in ji shi, Hausa ta ishe mu, a ɗauko fitattun 'yan wasan Kano a yi labarin wanda ya je Jamus ya dawo da arziki, yara su gani su yi zuciya.

Marubucin ba maƙiyin mutanen arewacin Togo ba ne. Kishi ne ya sa shi magana, kuma akwai gaɓa ɗaya da ya faɗi gaskiya, za a zo kanta. Sai dai shawararsa, in aka bi ta, za ta ƙara wa gidajen da yake son karewa nauyi a kan wanda suke ɗauke da shi.

A fara da maganar tonon asiri. Duk wanda ya taɓa tsayawa sahun jana'iza a unguwar Didaure ta Sokode, ko a Kano, ko a Maraɗi, ya san abin da ake yi kafin jama'a su watse. Wani daga cikin dangi yakan miƙe ya yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya same su, wanda mamaci ke bi shi ma ya ji tsoron Allah ya kawo. A bainar jama'a ake yin wannan, gaban surukai da maƙwabta da baƙi. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, tana umurni a rubuta shi a kafa shaidu. Ɗaliban hadisi kuma sun san ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata da sallatar wani mamaci saboda bashi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Bahaushe ma tuni ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Al'ummar da ke shelar bashi a gaban gawa ba ta ɗauke shi abin kunya ba, abin kunya a wurinta shi ne a ci a ƙi biya. Rufin asirin da ake roƙon Allah kullum yana nufin mutum ya ci da iyalinsa ba tare da ya miƙa hannu ba. Babu malamin da ya taɓa fassara shi da yin shiru a kan ramin da yaran gari ke faɗawa ɗaya bayan ɗaya.

A ɗauki gida ɗaya a zangon Tchamba, irin wanda duk ɗan garin zai ce ya san kamarsa. An idar da sallar isha'i, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, maigida ya ɗauko wani tsohon littafin makaranta da ya mayar na lissafi. A shafin farko akwai kuɗin da aka karɓa hannun mai sayen kashu tun gona ba ta yi fure ba, da sharaɗin in an girbe shi za a kai wa, a farashin da ya yanka. A shafi na biyu akwai kwasar adashin uwargida, wadda ta roƙi matan zubi su ba ta kafin layi ya zo kanta. Sai babur ɗin ƙanen maigida da aka sayar, sai sarƙar da aka adana don auren 'yar gidan. Duk sun tafi hannun mai haɗa takardu. Waya na gefen fitila, fuskarta sama, kowa na satar kallonta.

"Malam, yaron nan bai turo murya ba?" in ji uwar. Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne.

"Sai haƙuri, ƙila aiki ne ya riƙe shi."

Da safe za ta yafa mayafi ta je rumfar masu tura kuɗi ta waya ta tambaya ko wani abu ya shigo, ta dawo ta bayan layi don kada ta haɗu da uwar adashi. A can kuma, ko Hamburg ne ko Libreville ko Kuwait, yaron na kwana a ɗakin da suke cunkushe su da yawa. Ranar hutu ya jingina da motar da ba tasa ba, ya ɗauki hoto ya tura gida don hankalin uwarsa ya kwanta. Hoton nan ƙanensa zai gani, abokan ƙanensa su gani, wani uban a wani gidan ya buɗe nasa littafin lissafi. Ashe fim ɗin da marubucin ke nema, na wanda ya je ya samo, an riga an yi shi sau dubu, ana kallonsa kullum a WhatsApp da TikTok kyauta. Wanda ba a yi ba tukuna shi ne na littafin makarantar nan da ke kan tabarma.

Ba a musun cewa tafiya na kawo alheri. Kuɗin da 'yan Togo mazauna waje ke aikowa gida ya haura kashi 5 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, a ƙididdigar Bankin Duniya, kuma mai yawo a Sokode zai ga gidajen bene da masallatai da gumin 'yan Jamus ya gina. Fim na gaskiya zai nuna wannan. Amma zai nuna har da abin da aka jinginar kafin a kai ga benen, da gidajen da aka ja ginin zuwa kan taga aka tsaya, ciyawa ta tsiro a cikin falo.

Shirun da marubucin ke kira a yi, yankin nan ya taɓa gwada shi, kuma an ga ƙarshensa. A watan Afrilun 2001 duniya ta ji labarin jirgin ruwa mai suna Etireno, wanda ya tashi daga Kwatano ya nufi Gabon, aka hana shi sauke mutane, ya yi ta gararamba a teku kafin ya dawo, da yara a cikinsa da ake kai wa aikatau. A 2003 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan fataucin yara a Togo bayan ta zanta da yara 90. Samari sun ba da labarin yadda aka kai su gonaki a Najeriya, suka yi watanni, wasu har shekara biyu, suna sassabe da noma daga asuba zuwa faɗuwar rana, a ƙarshe aka miƙa musu keke aka ce su tuƙa zuwa gida. 'Yan mata kuwa Gabon da manyan birane ake kai su, talla da aikin gida. A 2005 ƙungiyar Plan ta fitar da nata rahoton, wanda sunansa ma ke nuni da farashin keke, kuma a shekarar ce Togo ta kafa dokar hukunta fataucin yara. Mutanen tsakiyar ƙasar suna da sunan da suke kiran mai kwasar yaran: oga. Ogan nan ba baƙo ba ne. Sau da yawa ɗan gari ne da ya taɓa tafiya ya dawo, ana gaisawa da shi a masallaci, kuma kuɗin mota da na abincin hanya da ya kashe wa yaro su ne bashin farko da yaron zai yi wa aiki. Kowa ya sani, ba a faɗa, sai da baƙi suka zo da takarda da biro suka rubuta, da Turanci da Faransanci, harsunan da iyayen yaran ba sa karantawa.

Keken nan yana da ɗan'uwa a Jamus. A 1964, da baƙon ma'aikaci na cikon miliyan ɗaya ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Kolon, wani ɗan Fotugal mai suna Armando Rodrigues de Sá, ƙaramin babur aka ba shi kyauta, 'yan jarida suka ɗauki hoto. Jamus ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a ranar 30 ga Oktoban 1961, ta rufe ƙofar a 1973, yau kuma masu tushen Turkiyya a ƙasar sun kai wajen miliyan 3. Shi ya sa labarin Turkawa ya shafi ɗan Sokode. Sun riga shi taka hanyar da shekaru talatin, a biranen da shi ma yake zaune yanzu, kuma gardamar da marubucinmu ya tayar yau sun yi ta tun da daɗewa.

A tsakiyar shekarun 1970 wani Baturke mazaunin Turai, Tunç Okan, ya yi fim mai suna Otobüs. Wasu ƙauyawa ne mai safarar mutane ya kwaso a tsohuwar bas, ya karɓe kuɗinsu da fasfunansu, ya ajiye motar a tsakiyar birnin Stockholm na Suwidin ya yi tafiyarsa. Suka ja labule suka zauna a ciki, tsoro ya hana su fita sai da dare. Hukumar tace finafinai ta Turkiyya ta haramta shi, hujjarta kuwa ita ce ya zubar da mutuncin Baturke, hujjar marubucinmu ke nan babu ragi babu ƙari. Daga baya aka ɗage haramcin, yau ana lissafa shi cikin muhimman finafinan da aka yi a kan hijirar Turkawa. Haramcin bai mayar wa ko mutum ɗaya kuɗin da mai safara ya cinye ba.

Ga gaɓar da marubucin ya yi gaskiya. Akwai fim ɗin da baƙo ke yi a kan mutane, ya zo da tausayinsa a aljihu tun daga gida, ya nemi fuskar da za ta dace da shi. Turkawan Jamus sun sha wannan. A 1976 gidan talabijin na Jamus ya nuna Shirins Hochzeit na Helma Sanders-Brahms, labarin wata Baturkiya da ta bi saurayi zuwa Kolon rayuwa ta lalace mata. Turkawa masu tsananin kishin ƙasa suka yi ca, har aka yi wa 'yar wasan barazana, abin da babu mai hankalin da zai goyi baya. Amma ko Turkawan da ba su yi zanga-zanga ba sun gaji da ganin kansu shekara da shekaru a matsayi biyu kawai: mace abar tausayi da namiji azzalumi. Wannan gajiya gaskiya ce, kuma ɗan Afirka ya san ta. Abin da ya kamata marubucin ya bi ya gani shi ne yadda aka yi maganinta. 'Ya'yan baƙin ne suka karɓi kyamarar. Fatih Akın, haifaffen Hamburg a 1973, ya yi Gegen die Wand, fim mai ɗaci da bai ɓoye komai ba, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2004. 'Yan'uwa mata biyu haifaffun Dortmund, Yasemin da Nesrin Şamdereli, suka yi Almanya a 2011, fiye da mutum miliyan ɗaya suka shiga silima suka kalla a Jamus. A cikinsa kakan gida ya tara 'ya'ya da jikoki ya kai su ganin gidan da ya saya a ƙauyensu na asali, suka tarar da kango. Duk ɗan zangon da ya taɓa aiko da kuɗin bulo shekara biyar zai gane wannan kango.

Ba sai an je Turai ba ma. Jean Rouch, Bafaranshe, ya bi wasu 'yan Nijar uku, Damure Zika da Lam Ibrahim da Illo Gaudel, a tafiyarsu ta ci-rani zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau, a shekarun 1950, ya yi fim ɗin Jaguar. A 1958 ya fitar da Moi, un noir, a kan 'yan Nijar masu dako a unguwar Treichville ta Abidjan. Jigon wannan fim, Umaru Ganda, bai tsaya a gaban kyamara ba. Ya koma bayanta, ya yi Cabascabo a kan tsohon soja da ya dawo gida abokan cin mushe suka cinye masa abin da ya tara, sannan a 1972 ya zama mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu. A Senegal kuwa tun 1968 Usman Sembène ya yi Mandabi da harshen Wolof. Wani magidanci ne a Dakar, Ibrahima Dieng, ɗan 'yar'uwarsa mai sharar titi a Paris ya aiko masa da takardar kuɗi ta sefa 25,000, jaka ashirin da biyar ke nan a bakin 'yan kasuwa. Kafin ya karɓi ko dala, matansa sun ci bashin shinkafa a kanti, maƙwabta sun yi layi neman rance, gidan waya ya ce sai katin shaida, katin shaida ya ce sai takardar haihuwa. Kuɗin da bai taɓa riƙewa ba suka jefa shi cikin bashi har wuya. Sama da shekara hamsin ke nan, ba a taɓa jin cewa fim ɗin ya rage wa Senegal daraja ba. A Hausa ma, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, a kan bauta da rabuwar uwa da ɗa yake, kuma a makarantu ake karanta shi.

Yanzu ga maganar da ta fi damun mai wannan martani, wato cewa Hausa ta ishe mu, bambancin ƙabila damuwar Turawa ce.

Wanda ya faɗi haka bai zauna kasuwar Tchamba ya saurara ba. Mutanen garin suna da harshensu, Akaselem. Na Kusuntu suna da nasu. Na Kaboli, wajen iyakar Benin, harshensu dangin Yarabanci ne. Ga Kotokoli masu magana da Tem, ga Fulani a rugage, ga Kabiye da Losso da suka sauko daga arewa neman ƙasar noma, da yawansu Kiristoci ko masu addinin gargajiya. Hausa ta shigo wannan ƙasa ne da fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, suna yada zango a Jugu da ƙasar Kotokoli kafin su kai Salaga, ta zauna a matsayin harshen ciniki da na almajirci, ana girmama ta, amma ba ta kori harshen kowa ba. A Sokode harshen Tem ne ke riƙe da gari. A Dapaong, mai nisan fiye da kilomita 600 daga Lome, Moba da Gurmawa ne masu ƙasa, ga Mosawa, ga Fulani, ga Hausawan zango, ga babban cocin Katolika a cikin gari. Wannan bambanci ba Bature ne ya kawo shi ba, ya zo ya tarar da shi.

Kuma bashin kansa ba ya zama cikin ƙabila ɗaya. Wanda ya ranta wa Bahaushen zango kuɗi zai iya zama Bakotokole mai shago. Mai noma gonar da aka jinginar Bakabiye ne. Saniyar da aka sayar a hannun Bafillace take kiwo, shi ma yana da rabonsa na madara da ya rasa. Ogan da ya kai yaro ya iya Yarabanci don da shi yake ciniki a gonakin Oyo. Ma'aikaciyar asusun ba da rance da ke zuwa karɓar zubi ranar kasuwa 'yar kudu ce, da Faransanci take cika takarda, da Tem take lallashi. In aka cire waɗannan mutane aka mayar da kowa Bakano, lissafin ya rushe, mai kallo ba zai gane yadda kuɗin ya bi hannu biyar kafin ya kai ga mai haɗa biza ba. Sa su a fim ba ado ba ne da ake yi don a cika sharaɗin masu ba da tallafi. Su ne ƙashin bayan labarin.

Bahaushe ya fi kowa sanin zafin a nuna mutum ba yadda yake ba. Shekara nawa ana ƙorafi a kan finafinan Legas da ba su san Bahaushe ba sai a bakin ƙofa, da hula a karkace da rediyo a kunne, ana kiransa aboki, yana kwaɓa Turanci ana dariya? Ƙorafin daidai ne. To amma a finafinan barkwanci na Kano, yaya ake fito da Bagware da Bafillacen daji da ɗan Ibo? Yawanci da karyayyar Hausa, don a yi dariya. In aka bi shawarar marubucin aka kawo 'yan wasan Kano su yi labarin Tchamba, abu biyu ne zai faru: ko a share ɗan Tchamba gaba ɗaya, ko a bar shi ya shigo sau ɗaya ya karya Hausa ya fita. Hausar zango da ya tashi da ita, mai gauraye da Tem da Faransanci, wadda bai cika damuwa da bambanta ya da ta ba, za a mayar da ita abin dariya, alhali da ita kakarsa ta yi masa addu'a ranar da zai tafi.

'Yan'uwa matan nan da suka yi Almanya sun yi wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. A wuraren da ake nuna isowar iyalin Jamus, Turkawan ne ke magana da Jamusanci tsantsa, Jamusawan kuma aka sa musu wani surkulle da ba harshen kowa ba. Bajamushen da ke zaune a silima sai ya tsinci kansa a cikin kunnen baƙo: yana jin 'yan gidan sarai, mai kanti da likita kuwa sai hayaniya. Wanda bai taɓa tsayawa a gaban kanta ya rasa yadda zai ce burodi ba, ba zai ƙirƙiro wannan ba. Ɗan Sokode da ya yi shekara uku a sansanin masu neman mafaka a Bavariya yana da irin waɗannan dabaru goma a kansa. Fitaccen ɗan wasan Kano, duk iyawarsa, ba shi da su, sai an ba shi.

Akwai kuma wani abu da ya sa maganar ta fi nauyi a Tchamba fiye da ko'ina. A gaɓar tekun Togo da Benin da Gana, a tsakanin Ewe da Mina, sunan Tchamba yana da wata ma'ana dabam. Sunan wani tsafi ne, Mami Tchamba, na iyalan da kakanninsu suka sayi bayi daga arewa. Suna ganin akwai hakkin bayin nan a wuyansu, suna ajiye awarwaron ƙarfe don tunawa da su, suna miƙa goro, masu hawan bori suna yin shigar mutanen arewa. Masana irin su Judy Rosenthal sun yi rubutu a kai. Musulmin Tchamba ba ruwansa da wannan aƙida, amma sunan garinsa ne, kuma a littattafan jami'o'in duniya wannan ma'anar ce ta fi yawo. Mutanen kudu sun daɗe suna kwaikwayon ɗan arewa yadda suka hango shi, da harshen bashi ma suke yi. Gari mai irin wannan tarihi, a ce masa kuma ya yi shiru ya bar wasu su yi masa wasan kansa, an yi masa rashin adalci sau biyu.

Marubucin ya kawo maganar kasuwa, cewa mutane nishaɗi suke so, ba za su kalli baƙin ciki da harsuna biyar ba. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta riga ta amsa masa da Daɗin Kowa, shirin da ya tara Musulmi da Kirista da baƙin ƙabilu a gari ɗaya, ya taɓo shaye-shaye da talauci da 'yan gudun hijira, mutane suka bi shi shekara da shekaru. Mutanen da ke kallon finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, da dogayen wasannin Turkawa a waya, ba baƙon harshe ne zai kore su ba. Kuma labarin bashi ba ya rasa abin dariya da abin mamaki. Charles Piot, malamin jami'a Ba'amurke da ya daɗe yana bincike a Togo, ya fitar da littafi a 2019 a kan cacar bizar Amurka a Lome: wanda ya ci ba shi da kuɗin biyan ofishin jakadanci da na jirgi, sai a haɗa shi aure na takarda da wadda danginta za su biya, su zauna su haddace launin labulen ɗakin da ba su taɓa kwana ciki ba saboda tambayoyin jami'in biza. Wani lokaci auren takardar ya rikiɗe ya zama na gaske, wani lokaci bashin ya bi su har Amurka. Marubucin fim da ya rasa abin yi da wannan, ba laifin labarin ba ne.

Dapaong ma tana da nata babin da ba a buɗe ba. Tun watan Yunin 2022 yankin Savanes, inda Dapaong take, ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren da ke tsallakowa daga Burkina Faso. Ƙauyuka sun tashi, mutane sun taru a garuruwa, gidan da ke ciyar da mutum goma ya koma ciyar da ashirin. Samarin Moba da suka saba tafiya gonakin koko a Gana da Kwaddibuwa yanzu suna aiko wa iyalan da ba su da gonar komawa. Mai shagon zango da ke ba su hatsi bashi shi ma bashi ya ɗauko daga garin Sinkase. Fim ɗin da zai nuna mai bin bashi a matsayin mugu kawai ya yi ƙarya, domin a nan mai bi da wanda ake bi duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma ɗaya na zuwa masallaci ɗaya na zuwa coci.

Togo ta kafa dokar harkar fim a 2021, waya mai kyamara kuma ta shiga hannun kowane saurayi. Abin da matasan Tchamba ke buƙata daga manya irin marubucin nan shi ne a taimaka musu su zauna da matan adashi, da wanda ya tuƙo keke daga Najeriya yana ɗan shekara goma sha huɗu yanzu kuma ya yi furfura, da yarinyar da ta dawo daga aikatau a ƙasashen Larabawa ba ta son a tambaye ta komai, da ogan da ya tuba. A nemi izininsu, a sauya sunaye, a biya su. A bar uwar gidan ta yi maganarta da Hausar zango, maƙwabciyarta ta amsa da Akaselem, a rubuta fassara a ƙasan allo. 'Yan Kano su zo da ƙwarewarsu ta ɗauka da tacewa da sayarwa, ana maraba da su, amma littafin lissafin nan ya zauna a hannun wanda ya san shafi na nawa ne aka rubuta sarƙar auren, ya kuma san abin da 'yar gidan ta ce ranar da aka cire ta daga akwati.